Giɓin Dutse da Idanun Baba

Jikwoyi, ta hanyar Keffi,
21 ga Agusta, 1973.

Zuwa ga ƙanena Ishaya,

Alheri da salama na Ubangijinmu Yesu Almasihu su kasance tare da kai a can ƙasar Turawa inda karatu ya kai ka. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan karatunka da mutanen gidan da suka sauke ka. Allah ya tsare ka daga ciwo, ya ƙara buɗe maka kai, ya dawo mana da kai da ƙafafunka. Mu nan muna nan da rai, mun gode wa Allah. Jacob mijina ya soma riƙe fartanya da hannun dama kuma, yara sun rabu da tarin da ya dame su, Inna Christiana ta zo daga Uke ta yi mana mako uku ta koma. Baba ma yana nan, yana cin tuwonsa, yana faɗa kamar yadda ka san shi. Na fara da wannan ne don ka sami wuri ka zauna kafin ka karanta sauran. Na san halinka, da ka ga wata uku ba amsa ka riga ka ce Yaya Rosemary ta yi ƙyuya. Ba ƙyuya ba ce. Takardarka ta watan Mayu ce ta jawo abin da ya hana ni rubutu, kuma yau zan faɗa maka shi duka.

Ka san aikin Baba, amma bari in tuna maka, tunda ka shekara huɗu ba abin da kake kallo sai ƙanƙara. Falalen dutsen nan na bayan gidanmu, da ɗan gurbin da zaman kakanni ya sassaƙe a kansa, suna nan yadda ka bar su. Kowace safiya Baba yana zama a gurbin ya fuskanci tudun gabas, inda duwatsu biyu suka rabu suka bar giɓi. Ranar da rana ta fito daga cikin giɓin nan tana tafiya arewa, sai ya ce ruwan da ya biyo baya na shuka ne, duk gari ya fita da iri. Daga ranar yakan jefa tsakuwa ɗaya a tulu kowace safiya, in sun kai ɗari da goma sha huɗu rana ta dawo ta sake bi ta giɓin za ta kudu. Ka kuma san dokar wurin: ba mai zama a gurbin sai mutum ɗaya, kuma duk wanda ya zauna ya ga rana a giɓi da idonsa, kayan ya hau kansa ke nan har ya mutu. Kai aka ajiye wa wurin. Ko da ka shiga coci, ko da ka tafi makaranta, Baba bai taɓa kiran sunan wani ba.

Bana rana ta shiga giɓi ranar Larabar da ta biyo bayan Ista. Kwana biyu aka yi ruwa mai kyau, Baba ya ce a shuka, aka shuka. Dawa ta fito gwanin sha'awa, sai sama ta ɗauke cak, mako uku ko yayyafi babu, muna kallo ta bushe kamar an bi ta da wuta. Da aka sake ruwa a tsakiyar Mayu mutane suka zo suka tambaye shi, ya ce a sake. Na rubuta maka cewa bara ma ba a sami kirki ba, rumbuna sun riga sun yi ƙasa, don haka irin da aka zuba karo na biyu daga bakin yara aka ɗebo shi. Shi ma ya mutu. Fulanin da suka gangaro daga arewa suna cewa can abin ya fi nan muni, shanu na faɗuwa a hanya, amma mai yunwa ba ya jin labarin wata ƙasa. Yamusa ɗan Kawu, sa'anka da kuka yi kiwon awaki tare, shi ya fi kowa shiga uku. Ya share rumbunsa tas ya shuka saboda maganar Baba, sai ƙyanda ta kama 'yarsa Hansatu jikinta ba ƙwari, aka binne ta a ƙarshen Mayu. Shekararta uku.

A cikin wannan hali takardarka ta iso. Kai da ka tashi a garin nan, yaya aka yi ka manta cewa takardar ɗan gari ba ta mutum ɗaya ba ce? Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci aka taru a gindin ɗorawa kamar kullum, masu zuwa coci da masu salla da masu bin tafarkin kakanni, har Fulani masu tallar nono, aka sa Baba a tsakiya, aka miƙo mini in karanta. Kuma ka san ba a tsallake layi. Mai karatu in ya tsallake, an ce ya ci amanar wanda ba ya gani a takarda, ba za a sake ba shi ba. Ni kuwa shekara goma sha ɗaya ina karanta wa garin nan takardu ban taɓa haɗiye kalma ɗaya ba, har ina alfahari da haka.

Da farko an ji daɗi ƙwarai. Shafi shida ka rubuto, gaisuwa layi huɗu, sauran duk ƙanƙara, wato dai kai ne ba wani ba. Ka ce ƙasar da kake takawa yanzu, da gidajenta da jiragen ƙasanta, ta taɓa kwanciya a ƙarƙashin ƙanƙara mai kaurin da ko an ɗora Dutsen Aso uku bisa juna ba za a ga kansu ba. Tsofaffin mata suka riƙe baki. Ka ce ba sau ɗaya ba ne, takan zo ta zauna dubban shekaru, ta narke, ta sake dawowa, kuma wasu malamanku suna ganin abin da ke korar ta yana cikin tafiyar duniya ne. Hanyar da duniya take bi tana kewaya rana, wani zamani zagayayya ce kamar bakin faifai, wani zamani ta ɗan miƙe kamar ƙwai, a cikin shekara wajen dubu ɗari. Ita duniyar kuma ba a tsaye cak take ba, a karkace take kamar matan garinmu in sun ɗauko kaya a kafaɗa, karkatar takan ƙaru ta ragu cikin shekara dubu arba'in da ɗaya. Ga kuma layin da take yi irin na katantanwa in yara sun murza ta, wanda shi ke sa wani zamani lokacin zafin ƙasashen arewa ya faɗo daidai sa'ad da duniya ta fi kusa da rana. Ka ce in waɗannan suka haɗu suka ba arewa rana mai ƙarfi a lokacin zafi, ƙanƙarar da ta zuba da sanyi ba ta kai wa wata shekara, sai baƙar ƙasa ta fito ta sha zafi ta ƙara narkar da ta kusa da ita, a haka har tekuna su cika, zamanin ƙanƙara ya ƙare. Ka ce ba duk malaman suka yarda ba tukuna, shi ya sa ake haƙo laka daga ƙasan teku ana neman shaida a ciki. A nan mutane suka fashe da dariya, wani ya ce ashe Bature ma yana yaɓar laka. Baba yana ta gyaɗa kai, ina ganin yadda yake ji da kai.

Sai na juya shafi na biyar. Ishaya, idon mai karatu yana riga bakinsa, na ga abin da ke zuwa tun da sauran layi uku. Ka rubuta cewa ƙarfin ranar nan da ya narkar da ƙanƙarar ƙarshe shi ya jawo damina har cikin hamada, Tafkin Chadi ya zama kamar teku, dorina na wanka a inda raƙuma ke tafiya yau. Daga baya karkatar duniya ta soma raguwa, ruwa ya ja da baya, kuma har yanzu tana kan raguwa, saboda haka wurin da rana ke fitowa yana ɗan gusawa a hankali. Sannan ka ƙara da cewa, kamar yadda na taɓa gaya wa Baba a bisa dutse kafin in tafi, ya yi mini dariya. Na yi tari, na nemi ruwa na sha, na duba fuskar Yamusa da ke tsugune a gaba kwana goma da binne 'yarsa. Ba wanda zai gane in na tsallake, ba mai karatu a wurin sai ni da malamin coci, shi kuwa yana baya. Amma na karanta. Wannan laifin nawa ne, ba na ɗora maka shi.

Dubban shekarun da ka lissafa duk na karanta su da ƙarfi, amma ba wanda ya riƙe ko ɗaya. Mutanen da mafi tsufan labarinsu bai wuce kakan kaka ba, me shekara dubu arba'in za ta yi musu? Abu uku suka ji: rana tana gusawa, ruwa ya ja da baya, tsoho ya sani. Yamusa ya miƙe a hankali, ya yi magana da Hausa don har Fulani su ji, ya ce, “Ku ji fa, ba ni ya faɗa ba, ɗansa ne ya rubuta. Rana ya bar wurinsa, tsoho ya sani shekara huɗu, ya ce mu zuba iri a ƙasa har sau biyu!” Baba ya amsa masa da Gbagyi, ya ce lalle yaron ya gaya masa wani abu mai kama da haka, shi kuwa ya yi dariya ne don tun yana saurayi rana ba ta taɓa saɓa wa giɓi ba. Gaskiya ya faɗa, amma su abin da suka ji shi ne ya amsa laifi. Na ɗaga takardar ina ihu cewa a hankali aka ce, a hankali, ba a rayuwar mutum ɗaya ba. Aka tambaye ni a hankalin nan nawa ne, taƙi ne ko kamu. Na duba shafi shida kaf, ba ka faɗa ba.

Washegari Litinin da rana tsaka Yamusa da mutanensa suka zo. Sun kai mutum ashirin, wasu sun sha burukutu, da kulake da ƙotar fartanya, biyu da adda. Ina tankaɗe a tsakar gida, Baba yana inuwar rumbu yana tufka igiya. Jacob ya tare ƙofa yana ba su haƙuri, ko rufe baki bai yi ba aka sare shi a dantse, na ga farin ƙashi kafin jini ya rufe shi. Suka tattake shi suka shigo. Suka kama Baba ta ƙafa suka ja shi a ƙasa tun daga tsakar gida har bisa dutse, bayansa duk ya saɓule, bai yi kuka ba sai kiran sunayensu da yake yi ɗaya bayan ɗaya, don ba wanda bai ga ranar haihuwarsa ba a cikinsu. Na ruga na faɗa kansa, wani ya make ni da kulki a baki, haƙorana biyu na gaba suka zube, ban ma san sun fita ba sai daga baya. Suka fasa tulun tsakuwa. Suka haɗu da gatari da tabarya za su farfasa gurbin, dutse ya ƙi, sai tartsatsi. Wannan ya ƙara tunzura su, wasu suka koma suka cinna wa rumbunmu wuta da ɗan abin da ya rage a ciki.

Ga abin da ya biyo baya. Suka kwantar da shi rigingine a kan dutse mai zafi, mutum huɗu suka danne hannuwa da ƙafafu, wani ya buɗe masa idanu da yatsu ya tilasta masa kallon rana, suna cewa tunda shi ne mai ganinta ya gaya musu inda ta tafi da ruwansu. Hawaye na kwarara ta kunnuwansa. Yamusa yana tsaye a kansa yana kuka kamar ƙaramin yaro, yana kiran Hansatu, Hansatu. Baba ya ce masa, ɗana, ni ma na yi kukanta. Ina jin da bai faɗi haka ba da ya fi. Yamusa ya ɗaga ƙota da hannu biyu ya sauke masa a kan idanu. Ƙarar har yau tana kunnena, ba zan kwatanta maka ita da kome ba. Ya sake ɗagawa zai ƙara.

Allah ya kawo Bappayo. Ka tuna shi, Bafulatanin da yake sauke shanunsa a gonar Baba kowane rani su yi masa taki. Hayaƙin rumbu ya hango daga rafi inda yake ba su ruwa. Shi kaɗai ne da sanda, ya san ba zai iya da mutum ashirin ba, sai ya koro garken gaba ɗaya ya hau da su dutsen yana ihu. Shanun duk sun rame, ƙashin haƙarƙari a waje, amma ƙaho ƙaho ne. Mutane suka watse, wani ya karye a ƙafa wajen dirowa. Bappayo ya tsaya a kan Baba ya ware ƙafafu don kada shanun su taka shi, ya ce duk wanda ya matso sai dai a kwashe su biyu. Shi ya goya Baba har rugarsu, tsohuwarsa Dada ta wanke raunukan ta ɗaure, da la'asar muka samu motar doya a hanyar Karshi ta kai Baba da Jacob asibiti a Keffi. An ɗinke hannun Jacob. Baba kuwa, Ishaya, idon hagu ya fashe, an cire shi. Na dama yana nan a wurinsa amma ba ya ganin kome, ko fitila aka kawo gabansa sai dai ya ji zafinta.

'Yan sanda sun zo sun tafi da Yamusa da wasu uku. Da suka je ɗaukar bayani wurin Baba a gadon asibiti, sai ya ce musu santsi ne ya kwashe shi a kan dutse. Dutsen da ya yi wata bai ga ruwa ba! Na yi masa faɗa har ma'aikaciyar asibiti ta kore ni waje. Ya ce maganar dutse a dutse za a gama ta. Dole aka sake su. Da muka dawo gida dagaci ya tara dattawa, don rabin gari har lokacin sun yarda Baba ya yaudare su, kuma ana ta cewa ba a gama ba. Aka ɗauko Baba a tabarma, fuska a naɗe. Ya ce rana za ta dawo ta giɓi in tsakuwa ta cika. In ta fito a ciki, a wanke sunansa. In ba ta fito ba, zai kwashe gidansa duka ya bar Jikwoyi, da gonaki da kabarin Mama da na kakanni, kuma in Yamusa yana so ya ƙarasa abin da ya fara, ba mai riƙe masa hannu. Mutanen Yamusa suka ce to ban da uzuri, ko hadari ne ya rufe ta, ta ƙi shi ke nan. Ina daga baya ina girgiza kai, na manta ba ya gani. Ya ce ya yarda. Aka ce ai an fasa tulu, ya ce tsakuwa arba'in da bakwai ke ciki ranar da aka fasa. Na je na ƙirga a kalandar coci tun daga Larabar nan, arba'in da bakwai cif.

Ka san watan Agusta a garin nan, sai a yi mako ba a ga fitowar rana ba. Ruwa ya ɗan dawo a Yuli, mutane suka samo irin gero da wake daga dangi suka zuba, kowa na roƙon Allah ya ƙaro hadari. Ni kaɗai a cikin coci ina durƙushe ina roƙon sama ta washe. Na ji kunyar Allah, na ji kunyar yaran da nake gani cikinsu ya kumbura, amma ban fasa ba. A cikin makonnin nan na karanta takardarka ta fi sau talatin, wani lokaci ina zaginka, wani lokaci ina neman abin da zan riƙe. Na ce wa kaina, in abu yana ɗaukar shekara dubu arba'in da ɗaya kafin ya je ya dawo, to a shekara saba'in na Baba bai isa ya matsa ko faɗin ƙwayar gero ba. Na yarda da wannan da rana. In na dubi yarana kuwa sai in ce, in fa Ishaya ya yi kuskuren sifiri ɗaya? Jacob ya riga ya je Uke ya nemo mana inda za mu raɓa. Baba shi ko a jikinsa, kowace safiya sai ya lalubi sabon tulu ya jefa tsakuwarsa. Kwana tara kafin ranar, kullum gabas a rufe take.

Tsakuwa ta cika ranar Juma'ar da ta wuce, sha bakwai ga wata. Gari na wayewa duk Jikwoyi tana kan dutse, har Bappayo ya zo ya tsaya a gefe da sandarsa. Yamusa ya zo da adda a rataye. Sama baƙi ƙirin, sai wani ɗan siririn fili can ƙasa a kan tudun gabas, bai fi faɗin tafin hannu ba, kuma hadarin yana saukowa yana cinye shi. Na riƙo hannun Baba na kai shi bakin gurbi. A nan ne kowa ya tuna abin da ba wanda ya yi tunaninsa a gaban dagaci: giɓin ba ya daidaita sai daga cikin gurbi, mai gurbin kuwa ba shi da ido. Aka yi cirko-cirko. Baba ya ce shi dai ba zai gani ba, 'yarsa in ta ce ta gani za a ce ƙarya take, don haka wanda ya fi kowa shakka shi zai zauna. Ya kira Yamusa. Yamusa yana huci ya ce zai zauna mana, ba za a yi masa wayo sau uku ba. Ya ture ni ya zauna, addar a kan cinyarsa. Na ga wasu dattawa sun buɗe baki, suka dubi Baba, suka rufe.

Ba mu daɗe ba. Filin nan ya yi ja, sai ga bakin rana ya ɓullo, ba dama ba hagu, daga tsakiyar giɓi sak, duwatsun biyu sun riƙe ta gefe da gefe. Hasken ya bugi Yamusa a fuska. Ko minti biyu ba a yi ba hadari ya rufe ta. Baba yana tsaye yana fuskantar wani wajen daban, ya tambaya ko ta fito. Sai da Baba ya sake tambaya, sannan Yamusa ya ce da wata irin murya, “Ya fito, Baba. A ciki ya fito.” Addar ta zame ta faɗi a kan dutse. Baba ya laluba har ya sami kansa ya dafa, ya ce to madalla, ka zauna a gurbi ka ga rana a giɓi da idonka a gaban kowa, ka san doka. Baɗi kai za ka ce wa garin nan su fito da iri, da shekarar da ke biye, har ranar da za a binne ka. Ya ce rana ba za ta taɓa yi maka ƙarya ba, amma ba ta san kome game da ruwa ba, wannan kai kaɗai za ka ɗauka. Sai a lokacin Yamusa ya gane inda ya zauna. Ya kama ƙafar Baba yana roƙo a cire masa. Dattawa suka ce ba a cirewa. Aka soma yayyafi, mutane suka gangara gonakinsu ɗaya bayan ɗaya ba mai kallon wani, aka bar shi zaune a wurin.

Har yau ban sani ba ko yafe masa Baba ya yi ko hukunta shi, na tambaye shi ya ce in kawo masa ruwa ya sha. Abin da na sani shi ne muna nan a gidanmu, ba mai ƙara ɗaga mana murya, kuma kowace safiya Yamusa yana zuwa ya riƙe hannun Baba su hau dutse, yana koya masa tsakuwa. Ni ba na amsa gaisuwarsa, kuma kada ka ce mini in yi haƙuri, ban shirya ba. Wurin da aka ajiye maka shekara ashirin da shida ya tafi, ƙanena. Na san ba ka taɓa so ba, amma na ga Baba yana shafa takardarka da yatsu ranar da muka sauko, na san shi ya so.

Ga saƙonsa, kuma ya sa na rantse zan rubuta yadda ya faɗa. Ya ce kada ka kuskura ka bar karatu ka taho saboda shi, idon ba zai dawo don ka dawo ba. Ya ce bai yi daidai ba da ya yi maka dariya a bisa dutse, ya kamata ya tambaye ka nawa ne. Don haka yanzu yana tambaya: ka je wurin malaman nan masu haƙar laka, su auna maka ko nawa rana take gusawa a rayuwar mutum ɗaya, ka rubuto da ma'aunin da Yamusa zai gane, ko da ƙwayar gero ne ko da gashin wutsiyar saniya. Na ce masa wannan karon ni zan fara karantawa a ɗaki in ga abin da ke ciki. Ya ce a'a, a gindin ɗorawa za a buɗe ta, kuma ba za a tsallake layi ba.

Jacob yana gaishe ka, ya ce hannun ya warke sai dai ba ya miƙewa duka. Inna Christiana tana gaishe ka, ta ce ka riƙa rufe ƙirjinka. Yara suna gaishe ka suna tambayar ko ƙanƙara tana da ɗanɗano. Bappayo da Dada sun ce a gaishe da mai karatun sama, in za ka aiko wa wani abu a garin nan to su ne. Ka gaishe mana da mutanen gidanku. In ka dawo ka ga bakina kada ka yi dariya, don har yanzu ina iya kai maka duka. Allah ya sada mu da alheri.

Baƙin tabon da ka gani a ƙasan sunana babban yatsan Baba ne. Ya ce lalle sai ya sa hannu. Ya nemi takardar bai same ta ba, ni na kama hannun na aza masa.

Ni ce yayarka,
Rosemary Baƙo.